Kuɗin Kara da Kuɗin Furoje: Da Wanne Ƙungiya Za Ta Tsaya?

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ta daɗe tana yawo a bakin mambobi, a rumfunan kara da cikin mota a kan hanyar Ɗan Isa da ta Ƙonni, amma ba a zauna an baje ta a faifai ba. Wato maganar mutanen nan masu jaka da kwamfuta da ke zuwa wajen shugabannin rassa, suna cewa za su rubuta wa ƙungiya tsarin aiki na shekara 5, su kuma nemo mata kuɗi daga ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. Da Faransanci kwansiltan ake ce musu, wato ƙwararrun da ake ɗauka haya don su ba da shawara. A wasu rassan har an kai ga maganar farashi. Wasu Alhazai na cewa a ɗauke su tun kafin wasu su riga mu, wasu kuwa na cewa duk ƴan damfara ne, a sallame su. To, tun da kuɗin da za a biya su daga aljihun mambobi zai fito, kuma sunan ƙungiya da hatiminta za a buga a kan takardun, ya kamata kowa ya ga abin da aka kawo masa kafin ya taya.

Ita wannan sana'a ba daga sama ta faɗo ba. Dattawanmu sun san farin 1973 zuwa 1974 da ya share garkuna a Azawak da Damargu, wanda a cikinsa ne ƙasashen Sahel suka kafa hukumar CILSS a 1973. Sai na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Daga nan agajin waje ya yi ta kwarara, amma ta hannun gwamnati yake bi. Da aka shiga shekarun 1990, gwamnatoci suna ta tsuke aljihu bisa sharuɗɗan Bankin Duniya, aka kuma buɗe fagen siyasa, a Nijar aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, sai masu ba da agaji suka juyo suna neman ƙungiyoyin jama'a da za su yi aiki da su kai tsaye. A wannan zamanin ne aka kafa APESS a Bobo Julaso a 1989, da AREN a nan Nijar a 1990, daga baya kuma a 2003 ƙungiyoyin makiyaya na Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗu suka kafa Billital Maroobe. Makiyaya sun riga mu ƴan kasuwa sanin ƙofar waɗannan ofisoshi, wannan gaskiya ce.

Amma fa su masu kuɗin ba su san cinikin baki ba. Mu a sana'armu, falke zai sauke tirela guda a Legas ko Ibadan, mai gidansa ya raba wa mahauta bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito. Har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin yadda wannan amana take tafiya, ya fitar da littafi a kai a 1969. Su kuwa nasu tsarin akasin haka ne. Ko da sun yarda da kai ɗari bisa ɗari, ba za su saki ko dala ba sai an cika musu wani tebur mai gida-gida da ake kira kadir lojik, inda za ka rubuta burinka, da ayyukan da za su kai ka can, da ma'aunin da za a gane an kai, da abin da zai iya ɓata tafiyar. A shekarar 1969 ɗin nan aka ƙirƙiro wa hukumar agaji ta Amurka, USAID, wannan tebur, daga baya kusan kowa ya ɗauka. To mutumin da ya iya cika teburin nan da Faransanci ko Turanci, shi ne kwansiltan. Tafinta ne tsakanin masu amana ba takarda da masu takarda ba amana. Saboda haka waɗanda ke cewa aikin banza ne ba su yi daidai ba. Ko a kara, in Bafillace da Bayarabe ba su ji yaren juna ba, dole a nemi na tsakiya.

Kuma kuɗin da ake magana a kansu na gaske ne. A 2015 Bankin Duniya ya amince da shirin PRAPS na tallafa wa kiwo a ƙasashe 6, Nijar da Cadi da Mali da Burkina Faso da Muritaniya da Senegal, a kan dala miliyan 248. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa 5 ba. A 2021 aka amince da kashi na biyu a kan miliyan 375. A cikin ayyukansa akwai allurar rigakafi, da rijiyoyi, da shata burtali, da gina kasuwannin dabbobi. Sai dai ku lura da abu guda. Irin wannan kuɗi gwamnatoci ake bai wa, ma'aikatu ne ke sarrafa su. Ƙungiya irin tamu abin da take samu shi ne kujera a wurin shawara, ta ce a gina kasuwa a nan kada a gina a can. Wannan kujera tana da daraja ƙwarai, domin duk mun san kasuwannin da aka gina da bulo da ƙarfe a inda ba hanyar shanu, yau awaki ne ke shan inuwa a ciki. Amma duk wanda ya zo ya ce muku zai karkato miliyoyin Bankin Duniya zuwa asusun reshenku, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin titi.

Yanzu bari mu zo ga abu na farko da suke sayarwa, wato tsarin aiki. Sunan ne mai nauyi, amma ba baƙon abu ba ne a wurin falke. Kafin mutum ya tashi daga Abalak ko Dakwaro da shanu, ai sai ya san nawa ne a aljihunsa, wace kasuwa ya nufa, wace hanya ce ke da ruwa da ciyawa, ina ɓarayi suke, kuma in ya tarar kasuwa ta faɗi ina zai juya. Haka nan ne, sai dai a nan ƙungiya ce ke tafiyar, kuma zangon shekara 3 ne ko 5. Mu da muka yi karatun Islamiyya ma ba sai an je da nisa ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara 7 na wadata ya tsara don a tari shekara 7 na fari, har da yadda za a adana hatsin a cikin zangarniyarsa don kada ya lalace. Ba a taɓa rubuta tsarin da ya fi wannan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa ya tsara, kuma don wa. Mun ga irin takardun da ake kawowa, shafi 60 ko 80, da bango mai sheƙi. In aka sa wani yaro ya fassara maka, sai ka ji kalmomin da masu ba da kuɗi ke son ji a wannan shekarar ne aka jera. Da aka yi yayin maganar hamada, hamada ce a kowane shafi. Da aka koma canjin yanayi, sai aka goge aka sa canjin yanayi. Ba mu ce waɗannan ba matsaloli ba ne, mu ne ma muka fi kowa jin su a jika. Amma ga gwaji mai sauƙi. Ku ɗauki takardar, ku cire sunan ƙungiyarmu, ku sa na ƙungiyar masu albasa ta Galmi. In ta zauna daram ba abin da ya yi karo, to ba tamu ba ce, an dai ciro ta ne daga cikin kwamfuta an canza mata riga. Irin wannan takarda ƙarshenta taron kwana 3 a otal, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto, a kafa allo a bakin hanya. Shekara na zagayowa allon ya yi tsatsa, shanu kuma na nan ana loda su a kan tudun ƙasa kamar yadda aka saba, wani ya karye a ƙafa a yanka shi a rabin kuɗi.

Tsarin da yake namu kuwa daga bakin masu sana'a zai fito, kuma kowa ya san abin da za su ce. Wurin lodi na siminti. Ruwa a cikin kara, don dabbar da ta kwana biyu ba ta sha ba ta riga ta zubar da kuɗinta. Shingayen hanya da abin da ake karɓa ba rasit. Satar shanu, da yadda za a tabbatar da asalin dabba kafin a saye ta, don kada mutumin kirki ya kwana a hannun jandarma saboda san da ya saya da rana tsaka. Bashin da ke maƙalewa a kudu. Lauyan da ƙungiya za ta riƙe, wanda in an kama motar mamba za a buga masa waya. Rumbun dusa da angurya da za a cika da kaka a sayar wa mambobi da bazara. Waɗannan ba su da daɗin karantawa a ofis, amma su ne ke raba riba da asara.

Akwai kuma babin da ba mu taɓa gani a cikin takardun nan masu sheƙi ba, alhali shi ne ya fi kowane muhimmanci ga mai ƙetara iyaka, wato me za mu yi ranar da aka rufe. Ku ƙirga da mu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuma wannan karon shanunmu ne suka yi kasuwa a kudu. A 2016 naira ta faɗi, mutum ya sayar da riba a Maigatari ko Mai'aduwa, ya zo wurin ƴan canji ya tarar uwar kuɗi ma ba ta dawo ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an sake rufewa. Farkon 2023 aka yi ƙarancin takardar naira saboda canjin kuɗi, kara ta cika da shanu ba mai biya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ba ta buɗu ba sai a Maris na 2024. A Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, ita kuwa takardar ƙetara iyaka da garke tun 1998 a ƙarƙashin CEDEAO aka kafa ta. A Mayun 2025 kuma, gab da Babbar Salla, gwamnati ta dakatar da fitar da dabbobi waje, daidai lokacin da mutane suka zuba jarinsu a raguna. Duk wanda ya kai shekara 50 a cikinmu ya ga waɗannan da idonsa. To tsarin shekara 5 da ya ɗauka cewa hanya za ta kasance a buɗe shekara 5 cur, mafarki ne. Dole ya faɗi inda za a tsare dabbobi in an rufe, da wa zai ciyar da su, da wa zai je ya yi magana da hukuma da sunan kowa, da kuɗin da za a yi duk wannan da su. Wannan ilimi ba ya cikin kwamfutar kowa. Yana wurin tsofaffin dillalai da direbobi da yaran da ke kora shanu a ƙasa.

Maganar kuɗi ke nan ta kawo mu ga abu na biyu da suke sayarwa.

Kuɗin waje kamar ruwan gulbin Maraɗi ne, yana zuwa da ƙarfi kuma yana ɗaukewa ba sallama. Kwana kaɗan bayan juyin mulkin 2023 Faransa ta dakatar da agajin raya ƙasa da take bai wa Nijar, Tarayyar Turai ma ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi. A Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da agajin waje, kafin tsakiyar shekarar an rushe USAID, hukumar da ke aiki tun 1961. Wa ya taɓa zaton haka? Ƙungiyoyin da hayar ofishinsu da albashin magatakarda da man babur duk a kan furoje suke, da yawansu kwaɗo ne yanzu a ƙofa. Ba don shugabanninsu ɓarayi ba ne, a'a, don dai an gina ɗaki ne a kan katangar wani.

Misalin da ya kamata mu duba yana nan kusa da mu, a Gogunu, arewacin ƙasar Benin, kudu da Kandi a kan hanyar Paraku. Masu bin Malanbil sun san wurin. Tun a shekarun 1970 makiyayan yankin suka tayar da magana a kan yadda ake ciniki, suna kukan mai saniya ba ya sanin ainihin farashin da aka sayar da dabbarsa, har suka ƙaurace wa kasuwa. Abin da aka daidaita a kai daga baya shi ne mai saye da mai sayarwa su yi ciniki ido da ido, tsofaffin dillalai su koma shaidu, magatakarda ya rubuta kowane ciniki ya yanka tikiti, a kuma karɓi wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowace dabbar da aka sayar. Daga wannan kuɗi ake biyan shaidu da ma'aikata, ake gyaran kasuwa, har aka taimaka wa ayyukan gari irin su makaranta. A shekarun 1990 suka mayar da abin ƙungiya mai rajista, wasu kasuwannin arewacin Benin suka kwaikwaya. Masu agaji sun shigo, amma daga baya suka shigo, sun tarar da asusu da littafi da mutanen da suka riga suka san abin da suke so.

Mun san wasu za su ɓata rai da jin an taɓa dillanci. Ku kwantar da hankali, ba cewa muke a kwafo Gogunu dungurungum ba. Dillalinmu ba mai tsayawa tsakani kawai ba ne. Shi ne mai masauki, shi ne mai lamuni, shi ake nema in dabba ta zama ta sata. Wanda ya ce a kawar da shi bai taɓa sayar da shanu a garin da ba shi da kowa ba. Abin ɗauka daga Gogunu guda ne, wato ƙaramin kuɗi tabbatacce a kan kowane kai, kowace ranar kasuwa, a rubuce.

Bari mu buga lissafi, na misali kawai, kowane reshe ya sa nasa adadin. A ce kara tana sayar da shanu 300 a mako. Mai saye ya ba da dala 50, mai sayarwa dala 50, sefa 500 ke nan a kan kowane kai, abin da bai kai kuɗin shayi da goron da ake kashewa a kan ciniki ɗaya ba. A mako jika 150. A mako 52, sefa 7,800,000. Ku zubar da kashi ɗaya cikin uku saboda damina da makonnin da kasuwa ba ta ci ba, saura 5,200,000. Ba a sa tumaki da awaki da raƙuma ba. Wannan kuɗi bai kai na furoje ba, gaskiya ne, amma yana gina wurin lodi a bana, ya ja famfo baɗi, ya riƙe lauya, kuma ba wanda zai zauna a wata ƙasa ya dakatar da shi. Bugu da ƙari, masu ba da agajin kansu galibi suna neman ƙungiya ta zuba nata kason kafin su zuba nasu, suna kuma neman ganin littafin kuɗi na shekarun baya. Ashe ko don neman kuɗin wajen ma, sai da na gida.

Me ya sa to mutane ke gudun biya? Ba rowa ba ce. Mutumin da ke ba da sa kyauta a wurin biki ba dala 50 ce za ta gagare shi ba. Masu karɓa ne suka yi yawa, kuma ba a ganin inda abin ya shiga. Ga tikitin ma'aikatar magajin gari, ga na likitan dabbobi, ga duwan, ga na hanya. In ƙungiya ta zo ita ma da nata kwano ba bayani, ta zama shinge na goma. Maganin wannan Alƙur'ani ya riga ya ba mu. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In bashin mutum biyu sai an rubuta, ina ga dukiyar mutum 500? Saboda haka rasit mai lamba, kundi ɗaya a hannun mai karɓa, kwafi a hannun ma'aji. Kuɗi su kwana a asusun banki ko na ajiya, kada su fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma kada su zama ƴan gida ɗaya. Ƙarshen kowane wata a tsaya a tsakiyar kara da lasifika a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa da Fillanci, da Buzanci inda ake bukata. A kuma yi yarjejeniya a rubuce da hukumar gari tun farko, a san nata a san namu, domin shugabannin gari suna canzawa, takarda ce ke zama.

Gidauniya fa? Ba mu hana ba. Amma kowa ya halarci irin taron nan da ake kafa rumfuna, maroƙa na kirari, wane ya yi alkawarin miliyan 2, wane miliyan 5, a yi ta tafi. Bayan wata 6 ma'aji ya gaji da sintiri a ƙofar gidajen manya, abin da ya shigo da ƙyar ya biya hayar kujeru da abinci. Na ɗan siyasa kuwa da igiya a wuyansa yake zuwa, ranar zaɓe za a ja. In za a yi gidauniya, a yi ta don aiki guda sananne mai farashi, a ce rijiyar burtsatse ce kuma kaza za ta ci, a kuma rubuta abin da aka ajiye a faranti kawai.

Wasu sun kawo shawarar a riƙa zuba zakkar mambobi a asusun ƙungiya. A nan sai a yi hattara. Zakka tana da masu ita, kashi 8 da aka ambata a Suratut Tauba, kuma malamanmu na Malikiyya ba su yarda a gina ko masallaci da ita ba, balle wurin lodin shanu. Ƙofar da ke buɗe ita ce wakafi. Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Alhajin da Allah ya hore wa zai iya haƙa rijiya a kara, ko ya ba da fili a yi wa shanu makwanci, ko shaguna biyu da hayarsu za ta riƙa shiga asusu, a rubuta a gaban alƙali da shaidu don kada magada su tayar da magana gobe.

To in an yi duk wannan, sai a kori kwansiltan? A'a. A lokacin ne ma yake da amfani, domin ya tarar da masu gida a gida. Akwai na kirki a cikinsu, wasu ma ƴaƴanmu ne da muka biya wa kuɗin makaranta da kuɗin shanun nan. Na kirki zai zauna a kara mako biyu ko uku yana saurare kafin ya rubuta ko layi ɗaya. Zai gaya muku abin da ba ku so ji ba, misali cewa wa'adin shugabanni ya wuce ba a yi zaɓe ba, ko takardar rajistarku ba ta cika ba. A Nijar dokar ƙungiyoyi ta samo asali ne daga odonans ta 1 ga Maris 1984, kuma ba mai ba da kuɗin da zai kalli ƙungiyar da ba ta da takardar amincewar hukuma. Zai daidaita muku lissafi, ya san lokacin da ake buɗe neman tallafi da irin takardun da ake bukata. A duba shi yadda ake duba sa, a buɗe baki a ga haƙora. Waɗanne ƙungiyoyi ya yi wa aiki? A tura mutum biyu su je su tambaya, ba shugaban can kaɗai ba, har da ƙananan mambobi.

Sai maganar biya, kuma a nan ne muke so a saurara da kyau, don abin ya saɓa wa al'adarmu. Mu mutanen la'ada ne. In kwansiltan ya ce kada ku ba ni komai yanzu, in kuɗi sun fito ku ba ni kashi 10 cikin 100, sai mu ji ya yi mana adalci, ai haka dillali yake yi. Amma kuɗin agaji ba kuɗin sa ba ne. In aka ba ƙungiya sefa miliyan 50, kowace dala an rubuta aikin da za ta yi, kuma ba layin da aka rubuta la'adar wanda ya nemo. Tarayyar Turai, alal misali, abin da take bari na hidimar ofis a irin wannan tallafi ba ya wuce kashi 7 cikin 100, shi ma na hidimar ofis ne. To miliyan 5 ɗin nasa daga ina za su fito? Daga rasit na ƙarya za su fito, a rubuta buhun siminti 400 alhali 300 aka saya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, shi yana wani gari yana rubuta wa wasu, sa hannun da ke kan takarda na shugaba ne da ma'aji. Su za a kira, su za a ce su mayar, sunan ƙungiya kuma ya shiga baƙin littafi. Ko a Amurka, inda tara wa ƙungiyoyi kuɗi sana'a ce mai zaman kanta, ƙungiyar masu sana'ar da ake kira AFP ta hana mambobinta karɓar kaso daga abin da suka tara. Dalili a bayyane yake. Mai jiran kaso babban furoje zai nema ko da ba shi kuke bukata ba, ko da ya fi ƙarfinku.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi jinga. A rubuta aikin da zai yi, da kwanakin, da kuɗin, daga asusunmu. A biya kashi uku, na farko in ya fara, na biyu in ya kawo daftari ya karanta shi da Hausa a gaban babban taro ya amsa tambayoyi, na uku in ya gyara ya miƙa. Takardar rajista da hatimi da lambar asusu ba sa barin hannun ƙungiya ko na dare ɗaya. Duk abin da ya rubuta mallakarmu ne, ya bar mana shi a takarda da cikin kwamfuta. A kuma haɗa shi da matasa biyu daga ƴaƴan mambobi masu ilimin boko, su bi shi ƙafa da ƙafa, don zagaye na gaba rabin aikin a gida za a yi shi. Wanda kuwa ya ce a ba shi kuɗin buɗe dosiye don yana da mutum a ciki, ko ya nuna muku wasiƙa a waya cewa an riga an ware muku miliyoyi sai dai a tura kuɗin fito, wannan ba kwansiltan ba ne. Masu ba da agaji na gaske ba sa karɓar kuɗi a hannun mai nema.

Shawarar da muke bai wa rassan da aka riga aka fara magana da su ita ce a dakata da sa hannu har babban taro mai zuwa. Kafin nan, kowane reshe ya sa mutum biyu a ƙofar kara su ƙirga dabbobin da aka sayar a ranakun kasuwa 8 a jere, shanu daban, ƙananan dabbobi daban, raƙuma daban. A zo da wannan adadi, da jerin mambobin da suka biya kuɗin shekara, da abubuwa 3 da mutanen reshen suka ce sun fi ci musu tuwo a ƙwarya. Reshen da wani kwansiltan ya riga ya ba shi takardar farashi, ya zo da ita a karanta a gaban kowa, shi ma mai ita in yana so a ba shi kujera.